ƊAN DAMBE YANA ƘARUWA DA SHEKARU? ABIN DA TARIHI YA NUNA



Duk kaka, in an watse daga dandalin dambe, gardama guda ce ke tashi. Wasu su ce dambe baiwa ce, wanda aka kasa a karon fari ya kwance zare ya koma gona. Wasu su ce a'a, horo da daɗewa su ke yin gwani. Bari mu tambayi tarihin damben Nasara, tun da shi an rubuta shekarunsa.

Mu fara da namu. An haifi Issaka Daborg a 1940. A 1964 shi kaɗai ya wakilci Nijar a wasannin Olampik na Tokiyo. Ya kai mataki na kusa da na kusa da ƙarshe, wani ɗan Finlanda ya fid da shi. A 1968 ya tafi Meksiko, ya komo hannu wofi. Da wani ne, da nan ya aje. A 1972, a birnin Munik na Jamus, yana da shekara 32, ya ci lambar tagulla a ajin kilo 63 da rabi. Ita ce lambar Olampik ta farko da ƙasarmu ta samu, kuma sai da aka shekara 44 kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo ta biyu a 2016, a wasan tekwando. Issaka ya rasu a 2021, Allah ya jiƙan shi.

Maƙwabtanmu na Najeriya suna da Dick Tiger. Da ya isa Ingila a 1955, an cinye shi a karawa huɗu na farko a jere. Bai karaya ba, ya gyara tsayuwa da kariya. A 1962, yana da shekara 33, ya buge Gene Fullmer ya zama zakaran duniya.

To, mi ke ƙaruwa? Saurin hannu da na ƙafa raguwa suke in shekaru sun tura. Abin da ke ƙaruwa shi ne ido, da haƙuri, da sanin lokacin sakin hannu. A Kinshasa, ran 30 ga Oktoba 1974, Muhammad Ali mai shekara 32 ya jingina da igiya, ya bar George Foreman mai shekara 25 ya yi ta duka har ya gaji, sannan ya kashe shi a turmi na takwas. Shi kuma Foreman ya ɗauki darasin. A 1994, yana da shekara 45, ya jure har turmi na goma, ya kayar da Michael Moorer, ya sake karɓar kambun.

Amma kada mu ɓoye ma samari sauran labarin. Ali bai tsaya inda ya kamata ba. A 1980 Larry Holmes ya yi mashi dukan da ya ba duniya tausayi, a 1981 aka sake cinye shi, a 1984 likitoci suka same shi da ciwon karkarwa, wanda ya zauna da shi har rasuwarsa a 2016. Horo yana ƙara dubara, amma ba ya warkar da kan da ya sha naushi.

Saboda haka, samari, wanda aka kasa bana kada ya ce ƙarshensa ke nan. Issaka sai da ya je sau uku. Ku kuma iyayenmu, ku da kuka ga jiya, in kun ga ƙafar yaro ta yi nauyi, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ku kira shi gefe ku sa shi ya kwance zare, ya koma koya ma na baya. Ku zai ji ma magana.

Allah ya bar zumunci, ya maido da matafiyanmu lafiya. Amin.