Hukuncin Kisa a Najeriya: Daga Bar Beach Zuwa Teburin Gwamna

Yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a watan Janairun 1970, amma ba duk bindigogin da aka yi shi da su ne suka koma bariki ba. Ba a jima ba fashi da makami ya addabi Legas da manyan hanyoyin kudu. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fito da dokar soja mai lamba 47 ta wannan shekarar, wadda ta ce ɗan fashi da makami kisa ne hukuncinsa, kotu ta musamman ce za ta yi shari'arsa, kuma babu ɗaukaka ƙara. Hukuncin kisa dai ba baƙo ba ne a ƙasar. Manyan fadojin ƙasar Hausa suna da hauni tun kafin zuwan Turawa, su kuma Turawa suka mai da abin rataya a bayan katangar kurkuku. Soja suka fito da shi fili, suka kuma ƙara masa sauri.

A 1971 aka fara harbe 'yan fashi a bakin tekun Legas, a wurin da ake kira Bar Beach. Akan kafa turaku, a jera durom-durom cike da yashi a bayansu don su tare harsashi, a ɗaure mutum tamau da igiya. Limami ko fasto ya matso ya yi masa addu'a, sojoji su buɗe wuta, likita ya zo ya duba. Jama'a kan yi cincirindo, 'yan jarida na ɗaukar hoto. Ran 8 ga Satumba na shekarar aka harbe Ishola Oyenusi, ƙasurgumin ɗan fashin da ake wa laƙabi da Dokta, a gaban dubban mutane. Jaridu sun ce da murmushi ya isa turken. Watanni kaɗan kafin nan an harbe wani hafsan sojan ruwa, Williams Oyazimo, wanda har aka ɗaure shi bai daina rantsuwar cewa ba shi da hannu a fashin ba. Mutanen nan biyu sun tattara kusan duk gardamar da za a yi daga baya: ɗaya ya nuna akwai wanda mutuwa ba ta razana shi, ɗayan ya bar wa masu kallo tambayar da ba mai amsa ta bayan an yi harbi.

Hujjar gwamnati ita ce izina, wato gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Magana ce mai shiga rai, musamman ga wanda aka taɓa tarewa a hanya cikin dare. Sai dai shekarun da suka biyo baya ba su gaskata ta ba. Bayan shekara goma sha biyar ana harbi, Lawrence Anini ya hana birnin Benin barci a 1986, har Janar Babangida ya tambayi sufeton 'yan sandansa a ina mutumin yake. Da aka kama shi sai ga wani babban ɗan sanda, George Iyamu, cikin masu ba shi makami da bayanai. An harbe Anini a watan Maris na 1987. A watan Yulin 1995 an harbe mutum 43 rana guda a Kirikiri, fashi kuwa bai tsaya ba. Masu goyon bayan hukuncin suna da amsa: wa ya san yawan waɗanda suka fasa ɗaukar bindiga saboda abin da suka gani? Babu wanda ya san adadinsu, kuma shi ya sa ba mai iya kafa hujja da su. Labarin Iyamu ya fi nuna inda gizo ke saƙa: ɗan fashin da yake da uwa a gindin murhu lissafin kamu yake yi, ba na turke ba.

Shari'ar da ta fi ba masu adawa ƙarfi ba ta yi suna kamar ta Anini ba. A jihar Oyo an yanke wa wani mai suna Nasiru Bello hukuncin kisa kan fashi. Lokacin mulkin farar hula ne, yana da damar ɗaukaka ƙara, ya kuma ɗaukaka. Takardunsa na gaban kotu ba a saurara ba, sai aka zartar masa da hukuncin a 1981. Iyalansa suka kai gwamnatin jihar ƙara, aka yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta umarci a biya su diyya. Kotun ba ta ce Bello bai yi fashi ba. Cewa ta yi an raba shi da ransa kafin shari'a ta gama magana, kuma wannan kuskure ne da kuɗi ba sa gyarawa.

A watan Afrilun 1985 gwamnatin Janar Buhari ta harbe samari uku, Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape, kan safarar miyagun ƙwayoyi, a ƙarƙashin doka mai lamba 20 ta 1984 da aka mai da aikinta baya ta kama laifin da ya riga ta. Lauyoyi da malaman addini suka yi ca, gwamnatin da ta gaje ta kuma ta cire kisa daga dokar ƙwaya. Na juyin mulki kuwa ba sai an tsaya dogon bayani ba: Dimka da Bisalla a 1976, Mamman Vatsa a 1986, Gideon Orkar da mutanensa a 1990. A ƙasar da wanda ya yi nasarar juyi yake zama shugaba, wanda ya kasa kuma a ɗaure shi a turke, da wuya a gamsar da mutum cewa adalci ake yi. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas a Fatakwal bayan shari'ar wata kotu ta musamman, aka kuma dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Duk da haka doka ba ta sauya ba. A 1998, a shari'ar Onuoha Kalu, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma sashe na 33 na kundin 1999 ya bar ƙofar a buɗe.

Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ƙarshen 1999, jihohin arewa goma sha ɗaya suka bi sahu, sai gardamar ta canza harshe. A nan ba izina kaɗai ake kafa hujja da ita ba. Ƙisasi haƙƙin magadan mamaci ne, kuma a ganina ita ce hujja mafi nauyi da masu goyon baya suke da ita, don tana kallon gidan da aka yi wa rashi, wanda masu fafutukar soke hukuncin sukan wuce shi da sauri. Amma wannan fiƙihun da ya ba magada haƙƙin jini shi ya ba su damar yafewa ko karɓar diyya, shi ne kuma ya ce shubuha tana kawar da haddi. An ga aikin haka. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Husaini a watan Maris na 2002, ta Katsina ta soke na Amina Lawal a watan Satumba na 2003. Duniya ta yi ta surutu a kansu, amma da littattafan Malikiyya lauyoyinsu suka yi nasara: ikon janye iƙirari, da batun kwantaccen ciki, da kurakuran ƙananan kotuna. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne Sani Yakubu Rodi, da wata kotun shari'a a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ba shi da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a kurkukun Kaduna a watan Janairun 2002.

Wani kwamiti da Shugaba Obasanjo ya kafa ya ba da shawara a 2004 cewa a dakatar da zartar da hukuncin, saboda yawancin masu jiransa talakawa ne da ba su sami ƙwararren lauya ba. Ba a mai da shawarar doka ba. Abin da ya faru shi ne gwamnoni, waɗanda sai da sa hannunsu ake kisa, suka riƙa barin takardun a aljihun tebur. A watan Yunin 2013, bayan Shugaba Jonathan ya yi kira gare su da su sa hannu, an rataye mutum huɗu a kurkukun Benin. An fito da na biyar, ThankGod Ebhos, har an kai shi wurin ratayar, sai aka lura hukuncin da kotun musamman ta Kaduna ta yanke masa na harbi ne, aka mai da shi ɗaki. A shekarar da ta biyo gwamnan Kaduna ya sake shi, bayan kusan shekara ashirin yana jiran mutuwa. An sake rataye wasu uku a Benin a watan Disambar 2016.

Maƙwabta sun ɗauki tasu hanyar. Chadi ta soke hukuncin gaba ɗaya a 2020, Saliyo a 2021, Ghana ta cire shi daga dokar manyan laifuka a 2023. Nijar tana da shi a rubuce, amma rabonta da zartarwa tun 1976. A Najeriya alƙalai na ci gaba da yankewa, majalisun jihohi da dama sun ƙara garkuwa da mutane cikin laifukan kisa, masu jiran hauni a gidajen yari sun haura 3,000. Lokacin da wani mai makaranta a Kano ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, Gwamna Ganduje ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai sa hannu da zarar kotu ta yanke. Kotu ta yanke a watan Yulin 2022, Ganduje kuma ya sauka daga mulki a watan Mayun 2023 ba a zartar ba.