Tarihin gidan marayu na birnin Paris

Yau za mu leƙa ƙasar Faransa, mu ji yadda aka kafa wani gidan marayu.

A zamanin da, talauci ya yi yawa a birnin Paris. Kowace shekara ana yar da jarirai ɗari uku ko ɗari huɗu a bakin hanya da ƙofar coci. Ana kwashe su a kai wani gida, amma babu nono, babu masu reno. Kusan dukkansu mutuwa suke yi.

Akwai wani limamin Katolika, sunansa Vincent de Paul. Shi da wata gwauruwa, Louise de Marillac, sun tara 'yan matan ƙauye a 1633 don su yi wa matalauta hidima. A 1638 suka karɓi jarirai 12, iyakar ƙarfinsu ke nan. Suka gwada nonon akuya, bai wadatar ba. Sai suka nemi mata masu shayarwa a ƙauyuka, suna biyansu. A 1640 suka ɗauki nauyin duk jaririn da aka tsinta a birnin.

Ku lura da tsarinsu. Ana rubuta kowane yaro da inda aka kai shi. Ana aika mutane su duba lafiyarsa. In an yaye shi, a dawo da shi gida, a koya masa karatu da sana'a.

Daga baya kuɗi suka ƙare, kuma a 1648 yaƙi ya tashi cikin ƙasa. Matan masu hannu da shuni da ke biyan kuɗin sun so su janye. Vincent ya tuna musu cewa ran yaran yana hannunsu, sai suka ci gaba. Duk da haka yara da yawa sun mutu, amma wasu sun rayu. Vincent da Louise sun rasu a 1660. A 1670 Sarki Luwi na 14 ya mayar da gidan ƙarƙashin hukuma.

To, 'yan'uwa, tausayi na rana ɗaya ba ya raya maraya. Sai da nono, da lissafi, da dubawa kullum. Kai da ka iya rubutu yanzu, rubuta sunayen marayun unguwarku. Wa ke ciyar da su? Wa ke kai su likita?

Sai mako mai zuwa.