Dandalin Kongo: Yadda Dokar Takura Ta Haifi Filin Rawa a New Orleans

A birnin New Orleans da ke kudancin Amurka akwai wani lambun shaƙatawa mai suna Louis Armstrong, kuma a wata kusurwa tasa akwai fili da ake kira Congo Square, wato Dandalin Kongo. Ranar Lahadi da yamma makaɗa kan zo da gangunansu su zauna a inuwar manyan itatuwa, masu rawa su kewaye su, duk wanda ya ga dama ya shigo. Ba a sayar da tikiti, babu mai tsaron ƙofa. Manyan biranen duniya da yawa suna shirya raye-raye kyauta a lambuna, amma galibi hukuma ce ke tsarawa ta gayyaci jama'a. Na New Orleans kuwa bayi ne suka fara shi, hukuma ta zo daga baya don ta killace shi.

Faransawa suka kafa birnin a 1718. Shekara ɗaya bayan haka jiragen bayi na farko suka iso yankin Louisiana. Binciken masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ya nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da aka kawo a zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su, ciki har da Bambara da Wolof. Daga baya aka riƙa kawo mutane masu yawa daga ƙasashen Kongo da Angola, kuma sunansu ne ya bi filin.

A 1724 Faransa ta shimfiɗa wa Louisiana dokar bayi da ake kira Code Noir. Doka ce mai tsanani, amma saboda bin koyarwar cocin Katolika ta hana a sa bawa aiki ranar Lahadi. Iyayengiji ba su yi gardama sosai ba, don suna da tasu riba a ciki: bawan da ya nemi abin kansa ranar hutu ya rage wa ubangijinsa nauyin ciyarwa. Sai bayi suka riƙa noma 'yan gonakinsu, suna kamun kifi, suna farauta, su kawo abin da suka samu bayan gari su kasa. Mata suna suyar wata wainar shinkafa da ake kira kala. Haka kasuwa ta kafu. Inda kasuwa ta ci kuwa, ganga ba ta nisa.

Da mulki ya koma hannun Sifaniyawa a shekarun 1760, kasuwar ta ƙara daraja, domin dokarsu ta ba bawa damar fansar kansa idan ya tara kuɗin. Ciniki da rawa suka zama abokan tafiya: da hantsi a nemi kuɗin 'yanci, da yamma a buga ganga.

Sai a dubi abin da ke faruwa a yankunan da Turawan Ingila ke mulki a lokacin. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, Carolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 wadda ta haramta wa bayi ganguna da ƙahonin busa, don tsoron kada su zama hanyar kiran yaƙi. A wurare irin waɗannan sai dai a yi kiɗa da tafi da buga ƙafa. New Orleans ta fita daban, ganga ta ci gaba da tashi a fili da rana tsaka.

Amurka ta sayi Louisiana daga Faransa a 1803. Tsakanin 1809 da 1810 kimanin mutum dubu goma da juyin juya halin Haiti ya tarwatsa suka iso ta hanyar Kuba, fararen fata da 'yantattu da bayi, suka kusan ninka yawan mutanen birnin, suka kuma zo da nasu kiɗan. A watan Janairun 1811 ɗaruruwan bayi daga gonakin rake na bakin kogin Mississippi suka yi tawaye ƙarƙashin Charles Deslondes, suka nufi birnin, aka murƙushe su da mummunan kisa. Daga nan duk wani taron baƙaƙe ya zama abin zargi.

Cikin wannan yanayi ne majalisar birnin ta yi doka a 1817: bayi ba za su taru don rawa ba sai ranar Lahadi, kafin faɗuwar rana, kuma a wurin da magajin gari ya ware. Wurin da aka ware shi ne wannan fili na bayan titin Rampart. Nufin masu dokar shi ne a tara kowa a inda idon 'yan doka zai kai. Abin da ya biyo baya bai zo musu a lissafi ba. Ƙungiyoyin da a da ke warwatse a bakin kogi da bayan gidaje suka haɗu wuri guda kowane mako. Mutumin Senegal ya ji kiɗan mutumin Kongo, ɗan Haiti ya ga takun wanda aka haifa a Louisiana, wanda aka sayo daga Virginia ya zo da waƙoƙinsa na Turanci. Kowa ya koya, kowa ya koyar.

Bayani mafi armashi game da wannan zamani ya fito ne daga wanda abin bai burge shi ba. Benjamin Latrobe, mai zanen gine-ginen da ya yi aikin ginin majalisar dokokin Amurka, ya faɗo wurin wata Lahadi a watan Fabrairun 1819. Ya rubuta cewa ya tarar da mutum ɗari biyar zuwa ɗari shida, sun rabu da'ira-da'ira, kowace da makaɗanta da masu rawarta a tsakiya, mata suna amshi. Kunnensa ya ƙi sautin, amma hannunsa ya zana kayan kiɗan: ganga doguwa wadda makaɗi ke hawa ya buga da hannu, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka yi da ƙwarya, an sassaƙa siffar mutum a kan sandarsa, wani tsoho yana kaɗawa. Bahaushen da ya ga zanen zai tuna da gurmi. Masana suna lissafa irin waɗannan kayan kiɗa cikin kakannin banjo na Amurka. Wasu baƙi sun ambaci sunayen raye-rayen da suka gani: bambula, kalinda da kongo. Louis Moreau Gottschalk, ɗan birnin da ya yi suna a kiɗan fiyano, ya tsara wani kiɗa mai suna Bamboula a ƙarshen shekarun 1840 wanda ya karɓu a Paris.

Hukuma ta riƙa rufewa tana buɗewa, har dokoki suka tsananta a shekarun 1850, taron ya mutu kafin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861. Bayan an soke bauta a 1865 ma filin bai koma hannun masu shi ba. A 1893 aka laƙaba masa sunan Beauregard, janar ɗin rundunar kudu da ta yi yaƙi don bauta ta ɗore. Baƙaƙen unguwar Treme da ke maƙwabtaka da filin dai ba su daina kiransa da sunan da suka sani ba.

Ana yawan cewa a nan aka haifi kiɗan jaz. Maganar tana bukatar gyara. Jaz ya bayyana ne wajen 1900, kusan shekara hamsin bayan gangunan filin sun yi shiru. Abin da dandalin ya yi shi ne ajiye iri: salon bugu, da bayarwa da amshi, da ɗabi'ar yin kiɗa a sarari inda ɗan kallo ke zama ɗan rawa. Waɗannan suka ratsa cikin makaɗan badujala masu rakiyar gawa da jerin gwanon ƙungiyoyin taimakon juna, har suka kai ga tsarar makaɗi Louis Armstrong, wanda aka haifa a 1901.

Dawowar filin ta zo da ɗaci. A shekarun 1960 aka rushe gidaje masu yawa na Treme da sunan gyaran birni, aka tashi iyalai, kuma a kan wannan kufai aka gina lambun Armstrong da aka buɗe a 1980. Kafin nan, a 1970, an yi bikin jaz na New Orleans na farko a filin, inda mawaƙiya Mahalia Jackson da makaɗi Duke Ellington suka halarta. Bikin ya girma ya koma filin sukuwa a 1972. Makaɗan unguwa su ne suka farfaɗo da zaman Lahadi na kyauta, suka kuma matsa har aka sa wurin cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1993. Bayan ambaliyar guguwar Katrina ta 2005, makaɗin jaz Wynton Marsalis da makaɗin Ghana Yacub Addy sun gabatar da wani babban kiɗa mai sunan dandalin a cikin filin a 2006. A 2011 majalisar birnin ta soke sunan Beauregard, ta tabbatar da Congo Square a hukumance.

Rigimar ba ta ƙare a nan ba. A 2021 gwamnatin magajiyar gari LaToya Cantrell ta so mayar da hedkwatar mulkin birnin cikin tsohon ɗakin taron da ke maƙwabtaka da filin. Mazauna Treme suka fito zanga-zanga da ganguna da kakaki, suna cewa ofisoshi da motoci da jami'an tsaro za su shaƙe wurin, har aka janye shirin. Wannan ya nuna abin da ke riƙe da irin wannan fili: ba ya kawo wa baitulmali kuɗi, saboda haka kullum akwai mai ganin an yi asarar ƙasa a tsakiyar birni. Muddin ana son ya ci gaba da zama na kowa, dole a samu jama'ar da ke zuwa kowane mako, waɗanda kuma za su fito titi duk ranar da aka sa masa ido.