Hukuncin Sayen Kaya a Rufe: Ƙunshin Katin 'Yan Wasa da Dilar Gwanjo

Tambaya: Ni ɗan gwanjo ne a Yalwawa, Dutse. Ina saro dila a Ƙofar Wambai ta Kano, wani lokaci in sayar da ita a ɗaure ban kwance ba. Yanzu ɗana ya ce a Amurka ana sayen tsofaffin ƙunshin katin 'yan wasan besbol da ba a buɗe ba, a ajiye su yi tsada, yana so in ba shi jari. Ya halatta? Idan bai halatta ba, to ina matsayin dilata?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani ɗan'uwa, yana daga sharuɗɗan ingancin ciniki a san abin da ake saye. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda mai saye bai san abin da zai samu ba.

Shi wannan ƙunshi asalinsa kayan yara ne, 'yan katuna ake haɗawa da cingam. Abin da ya sa ya yi tsada shi ne wasu katunan sun yi ƙaranci. A shekarar 2022 an yi gwanjon kati guda na ɗan wasa Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, a kan dala miliyan 12.6. Saboda haka mai sayen ƙunshi a rufe yana biyan kuɗin tsammani ne, ko wani kati mai daraja na ciki. In an buɗe babu, kuɗi sun tafi. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne wannan garari ne mai yawa, kuma ya yi kama da cacar da Allah ya haramta a Suratul Ma'ida aya ta 90. Cewa ɗanka ba zai buɗe ba, sayarwa zai yi, ba ya canza hukuncin, domin wannan tsammanin zai sayar wa wani.

Amma dila hukuncinta daban ne. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya halatta sayar da kayan da ke cikin dila bisa barnamaji, wato takardar da ta bayyana siffar abin da ke ciki, haka ma Ibnu Abi Zaidin a Risala. Dalili shi ne kwance kowace dila akwai wahala da ɓarnar kaya. Don haka cinikinka ya inganta idan:

1. An faɗi nau'in kayan, misali rigunan yara ko barguna.
2. An faɗi daraja da nauyi ko adadi.
3. Ba ka ɓoye aibin da ka sani ba, ba ka kuma zare masu kyau ka sake ɗaurewa ba.

Idan an kwance kaya suka dace da siffa, ciniki ya tabbata, ko da an sami 'yan kaɗan marasa kyau, don garari kaɗan ana yafe shi. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Dilar da aka ce "sayi ka gwada sa'arka" ba tare da siffa ba, ita da ƙunshin katin hukuncinsu ɗaya.

Shawarata ka ba ɗanka jarin, amma a kayan da zai iya siffanta wa mai saye. Allah ya sa albarka a kasuwa.

Wallahu A'alam.