Laƙabin Kyanwa a Ƙasar Gumel: Nazarin Suna da Matsayin Dabba a Cikin Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake kiran kyanwar gida a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta dogara da kalmomi da karin magana da abin da ake ji a bakin mutanen yankin. Hujjarta ita ce kyanwa ba ta da sunan yanka a wurin Bahaushe, laƙabi kawai take samu, kuma kamarta da halinta da zamantakewar gidan ne suke haifar da shi.

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin nan huɗu su ne suka haɗu suka zama Masarautar Gumel, wadda ta faɗa cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da riɗi. Inda rumbu yake ɓera ba ya nisa, don haka tun asali aiki ne ya shigo da kyanwa gidan manomi, kafin shaƙuwa ta biyo baya. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan sunayen mutane na Hausa, amma abin da ake kiran dabbar da ke kwana a ɗakin matar gida ya cancanci kulawa shi ma.

Sunan jinsi a matsayin suna

Akasarin kyanwoyin ƙauye da sunan jinsinsu ake kiransu: kyanwa ko mage, namiji kuma muzuru. Sakkwatawa kan ce mussa, wasu kuma kuliya. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar tana tara baƙi daga nesa, shi ya sa waɗannan kalmomi ba baƙi ba ne a kunnen mutanen yankin. Muzuru dai da wuya ya sami laƙabin ƙauna, domin yawo yake yi, kuma sunansa ya ɓaci wajen cin kaji, kamar yadda karin maganar zakaran da Allah Ya nufa da cara ta nuna.

Dalilin rashin sunan yanka a fili yake. Ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna, da liman da addu'a da ragon suna, kuma yawanci sunan Annabi ne ko sahabi ko wani babba a dangi. Liƙa wa dabba irin wannan suna cin fuska ne. Matar da ke jin nauyin faɗin sunan ɗanta na fari ba za ta ɗora sunan surukarta a kan mage ba. Amma addini bai nesanta kyanwar ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ke nuna kyanwa ba najasa ba ce, kuma sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo alkunyarsa. Ta wannan hanya sunan Hurera ya zama sunan mata a ƙasar Hausa: mutum ya ari suna daga kyanwa, ita kuwa an hana ta aron nasa.

Yadda laƙabi yake samuwa

Laƙabin farko daga kama yake fitowa, kuma yara ne kan sa shi: Baƙa, Fara, Ja, ko Wake-wake ga mai dabbare-dabbare. Haka ake yi wa doki, a ce akawal ko kili. Baƙar mage tana da nata matsayi, domin camfin da ke danganta ta da aljanu kan sa wasu su ƙi riƙe ta, balle su sa mata suna.

Na biyu shi ya fi armashi, kuma sai an zauna da ita yake zuwa. Wadda ta yi ƙiba, ta daina kamu, ta mallake tabarmar maigida da hantsi, sai ka ji an fara ce mata Hajiya ko Gimbiya. Wadda ta buɗe faifan da aka rufe ƙwaryar nono da shi ta zama Ɓarauniya har ƙarshen rayuwarta. Wadda tsohuwa ke ɗebar wa fura a sakaina ita ce 'Yar-gata ko Auta. A lura, Hajiya da Gimbiya muƙamai ne, shi ya sa barkwanci da su ba ya zama laifi.

A nan ne laƙabi yake zama makamin habaici. Uwargida na tankaɗe a tsakar gida, ta daka wa mage tsawa: "Kwaɗayayya, ba a ajiye abu ki kau da ido!" Amarya na bakin ƙofarta tana ji, ta kuma san wa ake nufi. A ganina, wannan shi ne babban aikin laƙabin kyanwa a gidan Hausa, domin yana ba mace damar faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa kai tsaye.

Akwai kuma kira da sunan mai ita, wato magen wance. Karin maganar kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, shaida ce cewa salon tsoho ne.

Ko kyanwar tana gane sunan?

Binciken da Atsuko Saito da abokan aikinta suka yi a Japan, aka buga a 2019, ya nuna kyanwar gida na iya bambance sunanta da wasu kalmomi. Amma kyanwoyin da aka gwada masu su na kiransu da sunan kullum. A gidajen Gumel abin ya bambanta: idan ana son ta zo, mus-mus ake cewa, ko a ƙwanƙwasa kwano. Hajiya da Ɓarauniya kuwa an fi faɗinsu a lokacin da ake ba da labarinta, kuma mutanen gidan ne masu sauraro.