Kibiyar da Ta Kare Gwandu, da Wadda Ake Jefawa a Landan

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, zauren Alexandra Palace na Landan kan cika maƙil da masu kallon gasar duniya ta darts, wasan jifan allo da 'yan ƙananan kibau. Ɗan wasa yana tsayawa mita 2.37 daga allon, ya fara da maki 501, ana ragewa har su ƙare. Asalinsa wasan mashaya ne a Ingila. A 1993 manyan 'yan wasa 16 suka ɓalle daga tsohuwar hukumarsu ta BDO saboda gidajen talabijin sun juya wa wasan baya, suka kafa wadda yau ake kira PDC, aka yi gasar farko a 1994, Dennis Priestley ya lashe. Phil Taylor ya ci kofin sau 14. A Janairun 2025 Luke Littler, yaro ɗan shekara 17, ya doke Michael van Gerwen ya tafi gida da fam 500,000.

To, jama'a, mu dawo gida, don in maganar kibiya ake yi, Gwandu na da abin faɗi. A watan Yunin 1804, a Tafkin Kwatto, Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci jama'ar Shehu a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Yunfa ya zo da barade masu lifidi da Azbinawa, jama'a kuwa dawakansu 'yan kaɗan ne, ƙarfinsu 'yan baka. Ruwan kibau ne ya karya dawakan Gobir. A 1805 Birnin Kabi ya faɗa hannun Abdullahi, Shehu ya dawo Gwandu da zama. Kafin shekarar ta fita aka sha kashi a Alwasa, Kabawa da Gobirawa da Azbinawa suka biyo jama'a har Gwandu, garin ko ganuwa ba shi da ita tukuna. Duwatsun da ke kewaye suka takura doki, maharba suka sami abin da suke so, aka kori mahara. Da garin ya faɗi a wannan karon, da wuya a yi maganar Sakkwato daga baya. Kuma wannan gwaninta ba a dare ɗaya aka same ta ba: makiyayi da mafarauci tun suna yara suke koyon ɗaure tsirkiya, da zaɓen kyauron da bai karkace ba, da shafa dafin kwankwani, da zaro kibiya daga kwari ido na kan abin bara.

Me ya sa kibiyar mashaya ta zama sana'ar miliyoyi, tamu kuwa ta koma kayan adon hawan salla? A ganina, Turawa sun yi wa tasu ma'auni, mu ba mu yi ba. Nisa ɗaya ne a Landan da Nairobi, allo iri ɗaya, maki a rubuce. Shi ya sa ake iya auna ɗan wasan yau da Taylor, ake iya haskawa a talabijin, mai talla ya zuba kuɗinsa. Mu fa? Wane ne ya fi kowa harbi a ƙasar Gwandu shekara hamsin da suka wuce, daga wane nisa? Sai dai labarin baka, kowane ƙauye da gwaninsa.

Wani zai ce bindiga ce ta kashe baka, ba rashin ƙa'ida ba. Bindiga ta kore shi daga fagen fama, gaskiya ne, amma mota ma ta kori doki daga hanya, ga sukuwa nan ana yi. A Ingila kanta baka ya bar yaƙi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, harbi kuwa yana cikin wasannin Olamfik. Wani kuma zai ce darts tafe yake da giya da caca, bai dace da mu ba. Wannan magana na da nauyi, don kamfanonin caca ne ke ɗaukar nauyin gasar. Sai dai ba mashayar ake cewa a kwaikwaya ba, tsarin ne, kuma koyon harbi abu ne da malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa.

Masu cewa wasan gargajiya ba ya ɗaukar doka su leƙa Nijar. Tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, aka san fili, aka san alƙalai, sunan kowane zakara na rubuce, yaro ma zai lissafo maka nasarorin Issaka Issaka. Nan kusa, bikin kamun kifi na Argungu yana gudana tun 1934, kuma akan yi harbin baka a cikinsa, amma kallo ne na rana ɗaya, a watse. Kalgo na da jami'ar tarayya da fili, masarautar Gwandu na da maharba. Abin da ya rage shi ne a tsayar da nisa, a zana allo, a haramta dafi, a buɗe littafin maki, gundumomi su riƙa karawa kowace kaka.