Haƙƙin mai dukiya idan kotu ta kama kayansa a bashin wani

A dokokin Najeriya, hukuncin kotu yana hawa ne kan waɗanda aka yi shari'a da su. Ba a sayar da dukiyar wani domin biyan bashin da ake bin wani.

Sai dai wurin zartar da hukunci, jami'an kotu kan kama abin da suka tarar a hannun wanda ake bi bashi, ko da kuwa ba nasa ba ne.

Wannan batu na da muhimmanci a masarautar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu.

Akasarin mutanen yankin dai manoma ne, kuma gona ko gida kan kasance gadon da ba a raba ba. Haka nan akan ba da shanu kiwo, mata kuma na da kayan ɗakinsu a gidan miji.

Abin da doka ta tanada

Dokar zartar da hukunce-hukuncen kotu ta 1945, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta buɗe ƙofa ga wanda ba ya cikin shari'a ya nemi kayansa.

Mai iƙirarin zai gabatar da da'awarsa ga jami'in kotun da ya kama kayan, daga nan a sanar da mai bin bashi.

Idan mai bin bashin ya amince, sai a saki kayan. Idan kuma ya musa, sashe na 34 ya ba kotu ikon aika sammaci ga ɓangarorin biyu domin ta tantance mai kayan.

Dokar ta kuma yarda mai iƙirarin ya ajiye kuɗi daidai da ƙimar kayan, ko ya ba da jingina, domin a dakatar da gwanjo.

Wa zai kawo hujja?

A ƙa'ida, mai iƙirari ne zai tabbatar da cewa kayan nasa ne. Amma idan a hannunsa aka kama su, nauyin kawo hujja na komawa kan mai bin bashi.

Kotun Ƙoli ta yi bayanin wannan ƙa'ida a shari'ar Kala da Potiskum a shekarar 1998.

Rasit da takardar ciniki da takardar rabon gado da shaidar masu unguwanni da maƙwabtan gona duk kan yi amfani a nan.

Gida da gona

Ba a taɓa gida ko fili sai an rasa kayan da za a iya ɗauka da za su isa biyan bashin, kuma sai babbar kotu ta ba da izini, kamar yadda sashe na 44 ya nuna.

Bugu da ƙari, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce ba za a sayar da filin da aka mallaka bisa al'ada da umarnin kotu ba sai da amincewar gwamna.

Idan gonar ta magada da yawa ce, sauran magadan na da damar nuna wa kotu cewa wanda ake bi bashi kaso kawai yake da shi a ciki.

A fiƙihun Malikiyya

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga jihar Sakkwato a 1991, ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma kotunan shari'a na bin mazhabar Malikiyya.

Malaman fiƙihu na kiran wannan babi istihƙaƙi, wato mutum ya tabbatar da cewa abin da ke hannun wani mallakarsa ne. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalai a arewacin Najeriya ke yawan komawa gare shi, ya ware masa fasali.

Akan buƙaci mai da'awa ya kawo shaidu adilai, a wasu lokuta kuma ya rantse cewa bai sayar da abin ba, bai kuma yi kyauta da shi ba.

Haɗarin jinkiri

Ana iya yin gwanjon kayan da ake ɗauka bayan kwana 5 da kama su, har ma kafin haka idan masu saurin lalacewa ne.

Idan kuwa gida ko fili aka sayar, kwana 21 ne doka ta ba da a nemi soke cinikin saboda saɓa ƙa'ida, bayan nan cinikin ya tabbata.

Wanda ya makara zai iya neman kuɗin da aka samu a gwanjon, ko ya shigar da sabuwar ƙara, abin da kan ɗauki lokaci mai tsawo da kuɗi masu yawa.